Mabuɗin da Na Hana Surukina

Surukina ne ya kawo ni Kano, tun kafin ya zama surukina. Abokin mahaifina ne, tare suka tashi a ƙauyenmu na wajen Gumel. Shekarar da damina ta yi mana gardama ya je gida ganin dangi, ya tarar da ni a zaune babu aikin fari balle na baƙi, ga ɗan karatun firamare a kaina yana neman ruɓewa. Ya ce wa mahaifina, "Ba ni shi." Iyakar maganar ke nan. Ya sauke ni a zauren gidansa a Panshekara, ya samo mini aiki a masaƙar da yake yi a Challawa, inda shi ne heluma, wato babba a kan duk ma'aikatan shif ɗinmu. Bayan 'yan shekaru, da ya lura ni da 'yarsa muna yawan haɗuwa a bakin famfo alhali ni ba ɗiban ruwa nake yi ba, sai ya aika wa mahaifina, aka ɗaura aure. Na kama haya a bayan layinsu.

Baba nake ce masa. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa ɗaga kai na kalli tsakiyar idonsa ba. Da safe idan na hango kekensa a gabana a hanyar Challawa, rage gudu nake yi, don ba zan iya wuce shi ba. Shi kuwa a hankali yake tuƙi, yana gaisawa da kowane mai shayi, ni ina biye ina cin birki. Sau da yawa na makara saboda haka, kuma shi ɗin ne zai tsaya a ƙofar sashe yana yi mana faɗa a kan makara.

Wajen farkon shekarun tamanin kamfani ya sayo sabon injin rini. Dogo ne, ya kusa cinye rabin ɗakin. Yadi yana shiga ta wannan gefe fari, ya bi ta tsakanin manyan rololi masu matse shi, ya fito ta can da launi. Tsoffin injinanmu mun san halinsu, ƙarfe ne da bel, idan sun tsaya makanike ya zo da sifana. Wannan kuwa abu uku ne a jiki ɗaya. Wuta ce ke juya shi, iska ce daga kwamfiresa ke matse rololin, sannan ga wani ɗan ido na gilashi da ke kallon gefen yadi, da ya karkace sai ya sa a daidaita shi. Ranar da ya fara tsayawa muka ga ikon Allah. Makanikai suka zo suka leƙa, suka ce matsalar wuta ce. Masu wuta suka zo suka taɓa wayoyi, suka ce wutarsu lafiya lau, a nemi masu ƙarfe. Kowa ya koma bencinsa ya zauna. Aka yi kwana da kwanaki ana jiran injiniya daga Legas, da ya iso ya ciro hankici ya goge audugar da ta rufe idon, injin ya tashi.

Ba mu kaɗai ba ne. Labarin da ake bayarwa a Sharada wajen masu roba, shi ake bayarwa a Bompai wajen masu alewa. Da abin ya ishi masu kamfanoni sai suka haɗa kai da wata makarantar koyon sana'a, aka buɗe sabon kwas: ma'aikaci ya riƙa zuwa aji wasu ranaku a mako, sauran ranakun yana bakin aikinsa, ya koyi ƙarfe da wuta da iska gaba ɗaya. Aka ce kowane heluma ya ba da sunan mutum ɗaya. Baba ya ba da nawa. Mutane suka yi ta ƙananan maganganu, wai mijin 'yarsa ya zaɓa. Shi ko a jikinsa.

Ajinmu magidanta ne kusan duka. Akwai wanda ya zo daga majema, ko ya yi wanka sai ka ji warin fata, akwai na kamfanin sabulu da muke rububin zama kusa da shi, akwai wani mutumin Damagaram da yake lissafi da Faransanci a ransa ya riga kowa ba da amsa. Malaminmu siriri ne, mai saurin tafiya, ya daɗe yana aiki a masaƙun Kaduna kafin ya koma koyarwa. Ranar farko bai rubuta komai a allo ba. Ya ɗaga hannayensa biyu ya baza yatsu, ya ce mu ƙirga. Muka ƙirga, goma cif.

"Satifiket ɗina ke nan," in ji shi. "Wancan na jikin bango na gwamnati ne."

Na so makarantar nan, har yanzu ina son ta. A can na koyi karanta zanen waya, wanda a da idan na kalla sai in ga kamar kaji ne suka yi tono a takarda. A can na gane yadda ƙaramin makunni yake ba babba umarni, da yadda ruwa yake taruwa a bututun iska ya kashe aiki ba tare da ya nuna kansa ba. Malam ya hana mu cewa "ba aikina ba ne". Duk wanda ya faɗa, shi ne zai share ɗakin gwaji a ranar. Ranar da na haɗa wayoyi da hannuna a kan katako, na danna maɓalli, sandar ƙarfe ta fito da ƙarfin iska ta koma kamar yadda na nufa, dariya na yi ta yi ni kaɗai. Na koma gida ina ba maiɗakina labari har tuwo ya huce.

Wata rana Malam ya shigo da kwali cike da kwaɗo, irin na kulle shago, ya raba mana kowa nasa. Kowane kwaɗo mabuɗi biyu ne da shi, amma na biyun a gabanmu ya sa guduma ya lanƙwasa. Ya ce kafin hannun mutum ya shiga injin, sai ya kashe babban makunni, ya sa masa kwaɗo, ya sauke iskar da ta rage a bututu, ya jefa mabuɗi a aljihunsa. Babu mai buɗewa sai wanda ya kulle, shi ma sai ya zagaya injin da ƙafarsa ya gani da idonsa babu kowa a ciki. Muka ce masa a wurarenmu ba haka ake yi ba, mutum ake tsayarwa a wajen makunni ya yi gadi, kuma hakan ya isa. Bai yi mana musu ba.

A makon da ya biyo na kulle injin gwaji ina kwance murfi, sai Malam ya zo ta bayana ya ce a hankali, "Ɗan ba ni mabuɗin nan in duba wani abu." Na goge hannu a kaki, na rusuna, na miƙa masa da hannu biyu. Ya karɓa, ya ce in matsa. Ya ɗauko karan rake ya ajiye daidai inda hannuna yake, ya buɗe kwaɗon, ya kunna. Raken ya fito ta ɗaya gefen a shimfiɗe, ruwansa yana ɗiga a ƙasa.

"Ga hannunka nan," ya ce.

Ashe haka ya bi mu ɗaya bayan ɗaya, kuma babu wanda ya hana shi. Da ya gama da mu ya tara mu, raken da ya matse a tule a kan tebur.

"Kun ga ciwonmu," in ji shi. "Ba a koya mana mu ce wa babba a'a ba. Tarbiyya ce mai kyau, ni ma da ita na tashi. Amma injin bai san babba ba. Mai gadin makunnin naku, idan manaja ya zo ya ce masa matsa, me zai yi?"

Kowa ya san amsar.

Daga nan ya mayar da abin darasi. Yau ya turo dattijon da ke kula da sito ya nemi mabuɗi, gobe ya turo shugaban makaranta, wata rana shi da kansa ya shigo da babbar riga da carbi. Abin da za mu ce an tsara mana shi: "Ku yi haƙuri, ba zan bayar ba. Mu je tare in buɗe." Rabin farkon ne yake maƙale mana a wuya. Wasu sukan tsallake shi su ce "mu je tare" kawai, Malam ya ce a sake, domin babba zai ce a'a, kawo dai, kuma daga nan shi ke nan. Mun sha dariya a ajin nan. A raina wasan makaranta ne, ban taɓa sa Baba a lissafin ba.

Ana gab da azumi, lokacin da 'yan kasuwar Kwari suke matsa wa masaƙu lamba, injin rini ya fara matse yadi gefe ɗaya. A lokacin an riga an yarda ina taɓa shi, manaja ma ya sa an yi wa makunnin wurin rataya kwaɗo. Na kulle, na sauke iska, ni da wani makanike muka canza bawul ɗin da ke raba wa rololin iska. Mun gama, saura mayar da murfi, sai aka kira azahar. Makaniken ya ce in yi gaba, zai ƙara ɗaure noti ɗaya ya biyo ni. Na tafi wajen alwala da mabuɗi a aljihu.

Ina tsugune, na wanke hannu na kurkure baki, sai na ga takalman Baba a gabana. Wurin cike yake da mutane, kowa da butarsa.

"An gama?" ya ce.

"An gama, Baba. Saura murfi."

"Motar Kwari tana jira tun safe. Kawo mabuɗin su tayar kafin ka idar. Murfin a sa daga baya."

Ya miƙo hannu. Nawa hannun da kansa ya tafi bakin aljihu, ban aike shi ba. Sai na tuna makaniken, na ɗan waiga, ban gan shi a cikin masu alwala ba.

"Ku yi haƙuri, Baba," na ce, ina kallon takalmansa. "Ba zan bayar ba. Mu je tare in buɗe."

Ƙarar zubar ruwa ta tsaya. Bai janye hannun nan da nan ba.

"Ni ne fa," ya ce a hankali.

"Na sani, Baba. Ku yi haƙuri."

Ya mayar da hannun bayansa, ya juya. Na bar butar a nan na bi shi. Na zagaya injin, na leƙa ƙarƙashi, na leƙa bayan rololi. Babu kowa. Ashe makaniken tuni ya fita ta ƙofar baya, yana can a sahun gaba a masallaci. Allah ya gafarta mini, a lokacin har na so in tarar da wani abu, ko da sifana ce aka manta, don in sami abin nunawa. Babu komai. Na mayar da murfi, na buɗe kwaɗo, aka tayar, yadi ya tafi sumul. Baba ya tsaya ya kalli yadin, bai kalle ni ba, ya fita.

Bai yi mini faɗa ba, da ya yi da na fi samun sauƙi. Idan na durƙusa na gaishe shi, "lafiya" ɗaya zai ce ya wuce. Kwanon tuwon da surukata take aiko mana duk Juma'a ya daina zuwa. A kamfani kuwa na zama abin hira, wai boko ya hau mini kai. Suka sa mini Injiniya. Wani ya zo wajen alwala ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, a ara mini buta, ko sai mun je tare?" Na ji haushi ƙwarai, musamman da yake masu dariyar su ne suka kwashe kwanaki a benci suna jiran hankicin Legas. Amma haushin nan ba komai ba ne a kan abin da nake ji idan na hango keken Baba da safe. Mutumin da ya ɗauko ni daga zaman banza, ya ba ni ɗaki, ya ba ni 'ya, ya ba da sunana a makaranta, shi na kunyata a gaban yaransa, kuma ba ni da ko noti ɗaya da zan ce saboda shi ne.

Maiɗakina ta yi haƙuri har ta gaji. Wata ranar Juma'a da yamma, da ta tabbata kwanon ba zai zo ba, ta zauna a gefen tabarma.

"Maigida, da ka ba shi, sai ka bi bayansa da sauri."

"Da saurina da danna makunni, wanne ya fi sauri?"

"Ai babu kowa a ciki."

"A lokacin ban sani ba."

Ta daɗe tana murza bakin zanenta. "Ni dai shi ubana ne, kai mijina," ta ce. "Ka je ka ba shi haƙuri, don Allah. Kunyar shiga gidanmu nake ji."

Na sayi goro na tafi. Na same shi a zaure, zauren da na taɓa kwana a ciki. Na zauna a ƙasa daga bakin ƙofa, na ajiye goron, na ce na zo ba da haƙuri ne a kan abin da ya faru a gaban jama'a. Ya saurare ni har na gama.

"Gobe idan na sake tambaya, za ka bayar?" ya ce.

Na san kalma ɗaya ce za ta dawo mini da komai. Na yi ta juya ta a baki, ta ƙi fita, domin ƙarya ce.

"A'a, Baba."

"To haƙurin me ka zo bayarwa?"

Ya tashi ya shiga cikin gida, ya bar goron a inda na ajiye shi.

Na kai wa Malam ƙorafi, ina tsammanin zai yabe ni. Yana fiƙe waya, ko ɗago kai bai yi ba. "Ban ce maka zai yi daɗi ba," in ji shi. "Ka ƙara masa ladabi a ko'ina, ban da wajen mabuɗi." Na fito ina jin haushinsa shi ma. Mutumin Damagaram ya ce mini a kamfaninsu na Sharada ana neman irinmu ruwa a jallo, in zo ya yi mini hanya. Na yi tunanin abin sosai. Amma barin shif ɗin Baba daidai yake da in shelanta wa Panshekara mun rabu, don haka na zauna. Na ci gaba da gaishe shi, na ci gaba da cin birki a bayan kekensa. A wajen aiki kuwa abubuwa suna ɗan canzawa. Injin ya rage dogon tsayawa, makanikan da suke mini dariya suka fara aikowa in zo in duba musu waya, ni ma ina tambayarsu abin da suka fi ni sani a ƙarfe. Shekarar ba a kira kowa daga Legas ba.

Bayan sallah, wata safiya ina can ƙarshen kamfani a ɗakin kwamfiresa ina sauke ruwa, sai wani ma'aikaci ya zo yana haki. Ya ce yadi ya tsinke ya nannaɗe rola, heluma yana kira, in zo da kwaɗona. Irin wannan aiki sai Baba. Da wuƙa ake yanke yadin, a hankali, don kada a ji wa robar rolar ciwo, kuma mai yi sai ya kwanta ya zura hannunsa har kafaɗa a tsakanin rololin. Shekara da shekaru yana yi, wani dattijon ma'aikaci yana tsaya masa a wajen makunni.

Na tarar da shi a tsaye, ya naɗe hannun riga, wuƙa a hannu, bai fara ba. Manaja yana kai-komo yana duba agogo. Dattijon yana tsaye a wurinsa na kullum. Baba bai kalle ni ba.

"Kulle," ya ce.

Na kashe makunni, na sa kwaɗo, na sauke iska, na danna maɓalli don in tabbata injin ya mutu.

"Sa a aljihunka."

Ban sa a aljihu ba, a tafin hannuna na damƙe shi. Ya kwanta ya shige, har ba a ganin komai nasa sai ƙafafu da takalman nan da na yi wa magana a wajen alwala. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba lokacin da nawa hannun ne a ciki. Ina jin ƙarar wuƙa a kan yadi, ina kallon kwaɗon kamar zai buɗe kansa. Manaja ya zo kusa da ni ya tambaya ko da saura, na ce da saura, ya koma ofis.

Da Baba ya fito, hannunsa har kafaɗa ya rine shuɗi. Ya tsaya yana jira. Sai da na ɗan daɗe kafin na gane ni yake jira in zagaya. Na zagaya, na leƙa ƙarƙashi, na leƙa baya, na dawo na buɗe. Aka tayar.

Dattijon nan bai ji daɗi ba, kuma bai ɓoye ba. "Heluma," ya ce, "shekara nawa ina tsaya maka a nan? Yau ka tsayar da aiki ana nemo wani daga ƙarshen kamfani, alhali ga ni."

Baba yana goge hannu da tsumma. "Kai mutumin kirki ne, kana da ladabi," ya ce masa. "Da manaja ya ce ka matsa, da ka matsa." Sannan ya juyo ya kalle ni, kallon da rabona da shi tun kafin azumi, ya nuna ni da haɓa. "Wannan kuwa ni ma ya hana ni."

Na sunkuyar da kai na koma ɗakin kwamfiresa, inda ƙara ba ta bari a ji mutum, na yi kukana na share fuska. Ranar Juma'a kwanon tuwo ya dawo, da man shanu a kai.